Rabon Masu Gayya

Azare
Fabrairu, 2006

Zuwa ga Yaya Gali,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya Botswana? An ce komai naku a juye yake, muna rani kuna damina. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Baba ta yi sauƙi, har yana takawa masallaci da kansa.

Idan ka manta ni ba zan yi mamaki ba. Jannatu ce, 'yar Malam Buba na Azare. Babana da mahaifiyarka, Gwaggo Zuliha ta Katagum, 'ya'yan wa da ƙani ne. Ka ga ke nan taubasai muke ko da na nesa, ina da damar faɗa maka abin da na ga dama. Gwaggo ce ta ba ni adireshinka, a jikin wani ambulan da take ajiyewa a ƙarƙashin kwalla.

Ni malama ce a wata cibiyar karatu daga nesa a nan Azare. Ɗalibanmu malaman firamare ne masu neman takardar NCE ba tare da sun bar aiki ba. Ana ba su littattafan darasi da Turanci, su zo ranar Asabar a yi musu bayani. Maza suna zuwa. Matan Bulkachuwa da Hardawa kuwa, ga goyo, ga girki, ga hanya idan damina ta sauka, sai su zo sau biyu su ɓace. Da na gaji da kiran sunayen da ba a amsawa, sai na sayi rikoda na fara karanta darasin a kaset, ina bayani da Hausa, inda ya kama in sa Fillanci. Dumebi, wani Inyamuri mai sayar da kaset a kasuwa, shi ke kwafa mini, 'yan acaɓa su kai ƙauye ranar kasuwa. Matan sukan taru a gida ɗaya su saurara suna ɓare gyaɗa. Wata daga cikinsu, Ya Fanna, ita ta fara naɗo tambayoyinsu a ragowar kaset ɗin ta dawo mini da shi, yanzu kowace ƙungiya haka take yi. Waɗanda suka gudu sun dawo, wasu har sun ci jarrabawa.

Na bi wannan aiki tun farkonsa, na yi hira da matan, na rubuta bincike a kai. Ga shi na haɗo maka. Badi za a zauna kan ƙarin girma a hedikwatarmu, kuma ba sa duban wanda ba shi da maƙala a mujallar da suka sani. Malam Saleh da ya same ni a wurin yana da biyu, ni ko ɗaya. Ka duba mini, ka nuna mini ƙofar da zan buga.

Na nemi rubuce-rubucenka a shagon intanet na Adewale, Bayarabe ne amma haifaffen nan, Hausarsa ta fi taka yanzu. Sunanka ya fito reras, na ji daɗi har na nuna wa na kusa da ni. Amma duk wanda na taɓa sai ya ce in kawo katin banki in biya. Ashe iliminka da kwaɗo yake kwana.

Idan za ka amsa, ka aiko ta imel ɗin shagon, yana bayan takardar nan. Ka gaida matarka da yara.

Taubashiyarka,
Jannatu

Gaborone
Afrilu, 2006

Jannatu,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, na kuma yi murna da jin sauƙin Kawu, Allah ya ƙara afuwa. Na tuna ki sarai. Ke ce yarinyar da ta ce wa amaryata hancinta gajere ne a gaban dangi. Na ga bakin bai canza ba, alƙalami kawai ya samu.

Na karanta aikinki sau biyu. Da farko na ɗauka irin abin da 'yan'uwa ke aiko mini ne, wanda nake yabawa don zumunci in sa a durowa. Wannan ba haka yake ba. Shekara da shekaru ina zuwa taruka ana maganar kwamfuta ga mutanen da ba su da wuta, ke kin ɗauki kaset da babur kin yi abin da muke ta surutu a kai. Turancinki dai yana ɗingishi, kuma kin cika faɗa a shafi na huɗu. Bincike ba ya zagin kowa, nunawa yake yi. Na gyara, na rage miki zafi, ki duba ki ga ko kin yarda.

Akwai wata mujalla a Ingila, babba ce a wannan fanni, na san editanta, mun taɓa aiki tare. Ban taɓa kai masa kowa ba, zan kai ki. Idan ta fito a can, kwamitinku ba zai tambaye ki ta biyu ba, kuma ƙofar digiri na uku za ta buɗe miki ko'ina kike so.

Batun kwaɗo kuwa, ba ni na sa ba. Haka tsarin yake: mu rubuta, su buga, jami'o'i su saya. Wata rana za ki gane.

Ki gaida Kawu. Idan kin je Katagum ki ce wa Inna ina nan tafe idan an yi hutu.

Yayanki,
Gali

Azare
Yuni, 2006

Yaya Gali,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, ruwa ya sauka, an yi shuka. Na je Katagum na isar da saƙonka. Gwaggo ta ce hutun nan naka tun tana da haƙora take jin labarinsa.

Na ga gyaran. Ka cire mini duk inda na ji daɗin rubutawa, amma na yarda ya fi kyau, Allah ya saka da alheri. Ka miƙa musu da sunan Allah. Na ƙara layi biyu na godiya a ƙarshe, da sunanka a ciki, kada ka goge don kunya.

Tunda aiki ya kammala, na sallami masu gayya, kowacce ta samu rabonta. Ka san ba a tashi daga gona a bar waɗanda suka yi maka noma da yunwa. Ya Fanna har guɗa ta yi.

Yanzu sai jira. Malam Saleh ya ji ƙishin-ƙishin, ya tambaye ni wai da gaske Ingila? Na ce masa gani ya kori ji.

Jannatu

Gaborone
Agusta, 2006

Jannatu,

Ina fatan kuna lafiya, ya ruwa? Albishirinki. Masu tantancewa sun karanta, sun yaba, mujalla ta karɓa. Ɗaya daga cikinsu ya ce bai taɓa ganin irinsa daga Afirka ta Yamma ba. Na karanta wannan layin a tsaye.

Saura abu ɗaya. Ga fom na haɗo, ki sa Adewale ya fitar miki, ki sa hannu ki dawo da shi. Abu biyu yake cewa: aikin bai taɓa fita ko'ina ba, kuma daga yau haƙƙin mallakarsa na mujallar ne, ba mai yaɗa shi sai da izininsu. Kowa haka yake sa hannu, ni ma haka na yi ta yi. Kafin ya fito kada ki ba kowa, ko a cibiyarku.

Kin kyauta da kika sallami matan. Sabulu da atamfa ba sa ɓata zumunci, da kin faɗa mini da na sa hannu a ciki.

Ki hanzarta, suna so ya shiga fitowar farkon shekara.

Gali

Gaborone
Oktoba, 2006

Jannatu,

Ina fatan lafiya ce ta sa kika yi shiru. Idan wani abu ya samu Kawu ko Inna, ki sanar da ni ko ta wayar wani. Idan kuwa lafiya kuke, to ki saurare ni.

Editan ya rubuto mini jiya. Sun saka kan maƙalarki a intanet suna dubawa kamar yadda suka saba, sai ga ta gaba ɗayanta a wani dandalin malaman karatu daga nesa, inda kowa ke shiga ya ɗauka kyauta. Da Turanci, da gyarana a ciki, har da wata fassara ta Hausa a ƙasa. Tun watan Yuni take can. Ya tambaye ni cikin ladabi ko na sani. Ladabin Bature a irin wannan wuri ya fi mari ciwo.

Na ce masa ƙila wani ne ya sace ya saka. Ina fatan haka ne. Idan Malam Saleh ɗin nan ne ko mai shagon, ki faɗa mini, akwai yadda ake yi. Idan kuwa ke ce, kuma shirun nan na ɓuya ne, to kin ba ni kunya a gaban mutumin da na daɗe ina tsare mutuncina a idonsa.

Ki amsa mini.

Gali

Azare
Nuwamba, 2006

Yaya Gali,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya, Baba lafiya, Gwaggo lafiya, an yi Sallah lafiya, ana ta girbi. Ka kwantar da hankalinka ta wannan gefen.

Ban ɓuya ba. Iskar ruwan Agusta ce ta ɗauke farantin intanet daga rufin shagon Adewale ta jefa shi bayan tasha, sai makon jiya aka kawo wani daga Kano. Na je na tarar da wasiƙunka biyu a jere, ta albishir da ta faɗa. Na yi murna na minti kaɗan, sannan na karanta ta biyu.

Ba wanda ya sace. Kada ka ɗora wa Malam Saleh, kada ka ɗora wa Adewale. Ni na saka, da hannuna, kuma na faɗa maka tun watan Yuni. Da na ce na sallami masu gayya, kai ka ji sabulu da atamfa. Wa ya taɓa sallamar masu gayya da sabulu? Abin da aka dafa ake ba su, kuma su ake fara zuba wa kafin mai gona ya ci. Matan nan su suka zauna da ni suna ba ni labarin gidajensu, da yadda suke karatu da yaro a cinya, da abin da ya sa suka gudu da abin da ya dawo da su. Binciken nan da bakinsu aka yi shi. Da ya kammala sai na mayar da shi Hausa, na karanta shi a kaset daga farko har godiya, na aika kowace ƙungiya. A Bulkachuwa na zauna aka kunna a gabana. Da aka zo inda na kawo maganar wata ba tare da suna ba, Ya Fanna ta tsayar da rikoda ta ce, "Wannan ni ce, wallahi ni ce! Mayar baya in sake ji." Wata kuma ta ce na yi kuskure, ba mijinta ne ya hana ta zuwa Azare ba, kuɗin mota ne, kada in ɓata masa suna. Na gyara. Masu tantancewarka ba su kama wannan ba, don ba su san shi ba.

Na intanet kuwa, ga dalili. Lokacin da nake binciken, duk maƙalar da na nema a kulle na same ta. Guda biyu kawai na iya karantawa, ta wata malama a Indiya da ta wani a Kenya, su suka ajiye nasu a wannan dandali kyauta. Da su na koyi yadda ake tsara irin wannan aiki. Na ci a kwanon mutane, shi ya sa na zuba nawa a inda na ci. Ban san laifi ba ne a wajen Turawanka. Yanzu da na sani ma, ban ga laifin ba.

Na karanta fom ɗin. Layi na farko yana so in rantse aikin bai fita ko'ina ba, alhali ana jin sa har a shagon mai shayi a Hardawa. Layi na biyu yana so in ba su abin da ba nawa ni kaɗai ba, su kulle, ni kaina in na so karantawa a Azare a ce in kawo kati. Cibiyarmu ba ta sayen wannan mujalla, ban san inda ake sayenta a duk jihar nan ba. To wa aka rubuta wa?

Kunyar da ka ji ta dame ni, wallahi ta dame ni, don alheri ka yi mini. Ka ba editan haƙuri, ka ce masa 'yar'uwarka ba ta san dokarsu ba. Amma ka janye maganar sata, kada a zargi wanda bai ci ba bai sha ba. Ka tambaye shi ko zai buga a bar na dandalin a inda yake. Idan ya yarda, ga hannuna.

Jannatu

Gaborone
Disamba, 2006

Jannatu,

Na gode Allah da kuke lafiya. Na janye maganar sata, na gaya masa gaskiya.

Na tambaye shi abin da kika ce. Ba zai yiwu ba, ba shi ke da mujallar ba, kamfani ne. Amma ya yi mana alfarmar da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba. Idan kika cire ta daga dandalin kafin ƙarshen Janairu, da Turancin da Hausar, zai ɗauka ba a yi ba. Kaset kuwa ban ambata masa ba, ke ma kada ki ambata. Ki ce wa Dumebi ya daina kwafa, ki bi waɗanda suka fita ki karɓo a hankali, ki sa hannu, magana ta mutu.

Ki bar zancen gayya, wannan ba gonar gero ba ce. Kina tsammanin ban taɓa jin abin da kike ji ba? Na ji, na haɗiye, shi ya sa yau nake da kujerar da zan iya jawo ki. Ki hau tukuna. Idan kin zama babba, ki buɗe duk abin da kike so, ba mai hana ki. Kwamitinku ba zai ƙirga abin da aka saka a dandalin kyauta ba, za su ce ko mai gyaran rediyo zai iya sakawa. Saleh zai wuce ki, ki zauna kina gaishe shi, matan da kike wa wannan kuma ba za su san kin rasa komai ba. Wanda ya ƙi ji ba ya ƙi gani ba.

Idan kin ƙi, to ki cire sunana daga godiyar. Ina da sauran aiki da mutanen nan.

Gali

Azare
Janairu, 2007

Yaya Gali,

Sallama. Mun yi Babbar Sallah lafiya, ina fatan ku ma haka. Baba yana gaishe ka.

Na cire sunanka daga na dandalin, Adewale shaida ne. Sunanka naka ne. Maƙalar tana nan inda take, kuma tana nan zama.

Ka ce in hau tukuna in buɗe daga baya. Kai da ka hau, me ka buɗe? Ba zagi ba ne, tambaya ce. Ya Fanna bana za ta rubuta jarrabawar ƙarshe, ba za ta jira in zama babba ba. Kuma ka ce in yi shiru da maganar kaset in sa hannu. Yaya, ramin ƙarya ƙurarre ne. Ni ce zan rantse, ba kai ba.

Duk da haka na ɗauki maganarka da nauyi, har na kwana biyu ina juya ta. Na ce bari in ga ko karɓo kaset ɗin ma zai yiwu. Dumebi ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce, "Malama, wanda na kwafa na sani, wanda aka kwafa daga nawa fa? Har direban Gamawa ya zo nema." Sai ranar Sallah na je Katagum gaida Gwaggo, na tarar da abin da ya rufe maganar.

Tun daga zaure nake jin muryata. Wata malamar firamare a unguwarsu ce ta kai mata kaset ɗin binciken, ta ce an ambaci ɗanta a ciki. Na shiga na same ta da baƙi, rikoda a gabanta, ta kai shi daidai wurin godiya, inda na ce, "da Dakta Gali, ɗan Hajiya Zuliha ta Katagum, malami a jami'ar Botswana, wanda ya gyara wannan aiki." Ta tsayar, ta dubi matan, ta ce, "Kun ji ko? Nawa ne." An ce duk wanda ya shigo gidan sai ya ji wurin nan, har mai kawo ruwa. Amma ba nan kawai take ji ba, ta saurare shi duka, har tana ba ni shawara wai a riƙa aika wa matan da batir.

Na ce mata, "Gwaggo, ni na rubuta, Yaya gyara kawai ya yi." Ta ce, "Ke tafi can, ai gyara shi ne aiki." Sannan ta ce abin da ya sa na kasa cin naman da ta zuba mini. Ta ce tun da ka tafi ake ce mata kana rubuce-rubuce, mutane na tambayarta me kake rubutawa, tana cewa na Turawa ne. Ta ce, "Sai yanzu na ji da kunnena irin aikin da yake yi. Ashe na mutane ne."

To ga shi. Ka ce in bi kaset-kaset in karɓo. Na farko yana ɗakin mahaifiyarka, a cikin kwalla, an naɗe shi da ɗankwali. Ni ba zan iya miƙa hannu ba. Idan ka iya, ka zo ka karɓa da kanka, daga nan sai in bi sauran.

Ka gaya wa editan na gode, ya ba wani gurbin.

Jannatu

Gaborone
Maris, 2007

Jannatu,

Ina fatan kuna lafiya. Na daɗe ban amsa ba don na rubuta wasiƙa uku na goge.

Na janye maƙalar. Editan ya amsa da layi ɗaya, ban san ko zai sake amsa mini wata ba. Har gobe ina ganin kin yi wa kanki ɓarna, kuma za ki ji a jikinki. Ba zan ce kin yi daidai don ki ji daɗi ba.

Na kira Inna ta wayar maƙwabcinsu. Ban samu na yi magana ba, ta sa wayar a bakin rikoda ta kunna mini. Na ji ki kina kiran sunana daga Katagum, ina zaune a ofis, na rufe ƙofa.

Kada kowa ya taɓa mata kaset ɗinta.

Ki kai wa kwamitin na dandalin haka nan, ki haɗa da takardar masu tantancewa, na aiko miki. Ba na jin za su karɓa, amma su gani.

Gali

Azare
Yuni, 2007

Yaya Gali,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, ruwa ya yi jinkiri bana amma ya zo. Ina fatan kai da iyali kuna lafiya.

Sakamakon ƙarin girma ya fito. Babu sunana. Na kai musu kamar yadda ka ce, shugaban kwamitin ya juya takardun ya ce, "Malama, ina bangon mujallar?" Na ce ba ta da bango, shi ya sa kowa ke shiga. Bai yi dariya ba. Sun rubuta cewa ba a buga ba. Aikin da Ingila ta ƙi don an riga an buga shi, hedikwata ta ƙi shi don ba a buga ba.

Ka ce zan ji a jikina, na ji. Na shiga ɗakin ajiyar littattafai na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito. Malam Saleh ne shugaban sashenmu yanzu. Na je na yi masa murna, na ce ranka ya daɗe, bakina bai karye ba. Ba zan ce maka bai yi ciwo ba, har yanzu idan na wuce ƙofar ofishinsa sai na ƙara sauri. Amma da za a dawo da fom ɗin nan yau a ajiye a gabana, da alƙalami, da kujerar Saleh a gefe, amsata ba za ta canza ba.

Na fara sabon bincike, kan matan da suka gama, ko karatun ya canza yadda suke koyarwa a aji. Idan ya kammala su za su fara ji, sannan dandali. Idan an sake zama zan sake kai wa kwamiti, su sake tambayata bango, har ɗayanmu ya gaji.

Saƙo daga Katagum. Gwaggo ta ce kaset ɗin ya fara ja saboda yawan kunnawa, an kwafa mata sabo. Ta ce kuma in tambaye ka, tunda ka fara, yaushe za ka fitar da na biyu, wanda za ta ji da muryarka. Na ce mata ban sani ba, kai za ta tambaya. Ta ce ta ba ka zuwa girbi.

Ban yi mata alkawarin komai a madadinka ba. Na farkon ni ya ci, kuma ban mutu ba. Na biyu, idan ka isa, sa naka wuyan.

Ka gaida mai gajeren hanci.

Taubashiyarka,
Jannatu